An yi garambawul a can, tukunya ta sauka a gidana

Na yi shekaru ina wakiltar wata tashar rediyo ta ƙasar waje mai sashen Hausa. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan faɗi shekarar da muka rabu ba, domin har gobe akwai mutanen kirki a cikinta, kuma ba su ne suka yanke hukuncin ba. Na rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da ke shigowa aikin jarida ba su da wani buri da ya wuce a ji muryarsu daga London ko Bonn ko Washington. Burin ba laifi ba ne, ni ma da shi na girma. Amma gara mutum ya san gidan da zai shiga.

Mahaifina tela ne a wani gari da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Shagon bai wuce keke biyu da benci ɗaya ba, amma bayan sallar isha'i nan ne majalisar unguwa, saboda akwatin rediyo. Aikina tun ina firamare shi ne sayo batir da kuma riƙe eriya idan murya ta fara nisa. Baba bai yi boko ba, amma ya haddace mitocin gajeren zango da lokutan kowace tasha. Mutanen Ingila sun riga kowa, tun 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Ana kama Mosko da Sin da Alƙahira, daga baya Tehran ta shigo, Faransa ba ta zo ba sai 2007. Ƙa'idar Baba ita ce ba ya gaskata labari sai ya ji shi a tasha uku.

Wata rana na tambaye shi me ya sa waɗannan ƙasashe suke mana magana da harshenmu ba mu biya ko kwabo ba. Bai ɗaga kai daga keke ba ya ce, “Bature ba ya kashe kuɗinsa a banza. Tunda ka ga ya ɗauki Bahaushe yana biyansa ya yi maka magana, akwai abin da yake nema. Kai dai ka ɗebi labarin, ka bar masa son ransa.”

A zamanin soja ba mu da zaɓi mai yawa. Gidajen rediyon gida na gwamnati ne, abin da aka ba su shi suke karantawa, kuma tun Doka ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida da ita, kowa ya koyi kama bakinsa. Labarin garinku sai ya je Turai ya dawo kafin ku ji. Ranar 8 ga Yuni 1998 da Janar Sani Abacha ya rasu, mu a majalisarmu daga waje muka fara samun tabbaci. A daren nan na ƙudurta a raina cewa aikin da zan yi ke nan.

Bayan na gama karatu na samu aiki a wani gidan rediyon jiha. Albashi ba ya zuwa a kan kari, kuma duk rahoton da ya taɓa gwamna a kwandon shara yake kwana. Ina cikin haka aka ce wata tashar waje na neman wakili a yankinmu. Na aika gwaji, aka ɗauke ni. Daren da rahotona na farko ya fita, Baba ya riga ya rasu. Inna ce ta saurara, ta yi ta kuka, washegari ta sa aka yi waina aka raba sadaka.

Abin da mai sauraro bai sani ba shi ne wakili irina ba ma'aikaci ba ne. Kwantiragi ne ake sabuntawa, kuma a kan kowane rahoto ake biya. Ka aika an sa, ka samu. Ba a sa ba, ka yi asarar man babur da katin waya. Babu fansho, babu garatuti, babu wanda zai biya kuɗin asibiti idan ka faɗi a hanya. Sai dai kuɗin ƙasar waje ne, duk lokacin da naira ta faɗi sai su ƙara auki. Na yi aure, na sayi fili na fara gini, na sa yara makarantar kuɗi, na ɗauki nauyin maganin ciwon sukarin Inna da karatun ƙannena biyu. A gari kuwa ana ganin ni mai kuɗi ne fiye da yadda nake. Duk sabgar da aka tashi, sunana na cikin na farko a takardar gudummawa.

Zan faɗi alherin da na gani, domin rashin faɗarsa zalunci ne. A can na koyi aikin. Editana, wani dattijo mai sanyin murya, ba ya karɓar rahoto sai ya tambaya, “Malam, ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren?” Idan na ce kwamishina ya ƙi ɗaukar waya, sai ya ce in sake kira, in aika saƙo, in rubuta lokacin da na kira. Adadin waɗanda suka mutu a hari ba ya fita sai an samu majiya biyu da ba su haɗa hanya ba. Duk tsawon zamana ba a taɓa ce mini in yabi ƙasar da ke biyana ba. Na dai lura akwai labaran da ake ɗoki a kansu da waɗanda ake wucewa da sauri, kuma ba koyaushe ne ma'aunin ya yi daidai da abin da ke damun mutanenmu ba. Maganar Baba ke nan.

Sai matsalar 'yan bindiga ta mamaye yankinmu, aikin ya koma wani abu daban. Wayata ta zama ofishin kai kuka. Ƙarfe biyun dare mutum zai kira daga cikin gona yana raɗa, ya ce ga su nan sun shigo, a faɗa wa duniya. Na ga gawarwaki jere a ƙofar fadar hakimi, na yi hira da uwar da aka kwashe wa 'ya'ya, na dawo gida na kasa cin tuwo. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni babu kira, babu intanet. Sai na yi tafiya mai nisa, wani lokacin har Zariya, kafin in aika rahoto, in kuma juyo. Da na koma ƙauyuka sai in tarar an ji shi. Da me? Da ɗan akwatin nan na gajeren zango. A Nijar tashoshin FM irin su Anfani sun daɗe suna jona shirye-shiryen waje kai tsaye, amma a Najeriya hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana jona labaran tashoshin waje kai tsaye tun 2004, don haka a wurinmu gajeren zango ne ginshiƙi.

A daidai wannan lokaci ne daga hedkwata aka fara yi mana maganar garambawul. Aka kira taro ta intanet, wani babba da ban taɓa gani ba ya nuna mana jadawali. Matasa sun koma waya, kuɗin kula da tashoshin gajeren zango ya yi yawa, gwamnati ta rage kasafi, saboda haka gaba ta bidiyo ce da shafukan sada zumunta. Aka ce kowane wakili ya koyi ɗaukar hoto da waya, rahoto kada ya wuce minti ɗaya da rabi, kuma za a riƙa duba yawan waɗanda suka kalla.

Ban ƙi ba. Na sayi sabuwar waya da kuɗina, na zauna gaban ƙanena yana koya mini yanka bidiyo. Kuma har yau ina cewa akwai gaskiya a maganarsu. 'Ya'yana ba su san mita 19 ba, ba kuma za su sani ba. Gidan da ya ƙi sauyawa zai mutu da tsofaffinsa. Na kuma san akwai ɓarna a irin waɗannan hukumomi, shugabanni bisa shugabanni, tafiye-tafiye da tarurrukan da kuɗinsu zai riƙe wakilai goma. Wanda ke biyan haraji a can yana da haƙƙin ya tambayi ina kuɗinsa ke tafiya. Inda na rabu da su shi ne ma'auni. Wanda ya danna bidiyo a Facebook ana ƙirga shi nan take. Mutum ashirin da suka kewaye rediyo ɗaya a gindin bishiya a garin da babu sabis, babu na'urar da ke ganinsu. Na faɗi haka a taron. Aka ce an ji, an gode.

Daga nan na fara karanta yadda ake riƙe waɗannan gidaje, abin da na yi shekaru ina ci a ciki ban bincika ba. Kowace ƙasa da tsarinta. Deutsche Welle daga kasafin gwamnatin tarayyar Jamus take ci, amma doka ce ta kafa ta, ta kuma ba ta majalisar sa ido. Sashen BBC na duniya ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke biyansa har zuwa 2014, aka mayar da mafi yawan nauyin kan kuɗin lasisin talabijin da 'yan ƙasar ke biya, wato aka ce mutumin Manchester ya biya kuɗin labaran da mutumin Maraɗi zai ji. Faransa ta soke irin wannan lasisi a 2022 ta koma ɗiba daga harajin kayan masarufi. Muryar Amurka, wadda ta fara a 1942 da harshen Jamusanci ana tsakiyar yaƙi, tana da kundin da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a 1976, wanda ya wajabta mata labari na gaskiya ba son kai, ya kuma ɗora mata bayyana manufofin Amurka. Shi ya sa masu sauraro suka saba jin sharhin da ake sanar da cewa ra'ayin gwamnatin Amurka ne, a ware shi daga labarai. Duk rigimar a wuri ɗaya take: gwamnati na biya ne don ƙasarta ta samu farin jini a idon duniya, mai sauraro kuma yana kunnawa ne don ya yarda ba gwamnatin ke rubuta labarin ba. Idan katangar da ke tsakani ta faɗi, mai sauraro ya tafi. Idan ta tsaya daram, wata rana wani ɗan majalisa zai miƙe ya ce to me muke samu.

Alamun sun daɗe, wasu kafin tawa, wasu bayanta. A 2012 rediyon Holand na duniya ya daina watsa shirye-shirye yadda aka san shi, na Kanada ya rufe gajeren zango. A 2015 Jamus ta rufe tasharta ta Kigali. A 2022 BBC ta sanar da rage ma'aikata 382 a sashenta na duniya, kuma a Janairun 2023 rediyonta na Larabci ya yi shiru bayan shekara 85.

Tawa ba ta zo da hayaniya ba. Rahotannin da ake karɓa suka ragu daga kusan kullum zuwa ɗaya a mako, sai wata ya wuce ba a sa ko ɗaya ba. Rannan na buɗe imel na ga saƙo gajere, ana godiya da gudummawar da na bayar, ana sanar da ni ba za a sabunta kwantiragi ba saboda sabon tsari. Da yamma editana ya kira da wayarsa ta kansa. Ya ce, “Malam, wallahi na yi iya ƙoƙarina. Ni ma ban san tawa ba.” Na ce, “Yallaɓai, na sani. Allah Ya saka da alheri.” Muka yi shiru a waya, can ya ce in gaida iyali.

Ban faɗa wa kowa ba sai maiɗakina. Ta ce, “Maigida, Wanda Ya ba da wancan Yana nan.” Da safe ta kwashe 'yan kunnayenta da sarƙar aurenta ta ajiye mini a kan sallaya ba ta ce komai ba. Wannan ya fi saƙon imel ɗin yi mini ciwo.

Kayan aro ba ya rufe katara. Cikin 'yan watanni ginin ya tsaya a linta, na cire yara daga makarantar kuɗi, na sayar da mota. Babbar 'yata ta tambaye ni ko laifi suka yi aka sauya musu makaranta, na rasa amsar da zan ba ta. Maganin Inna ne kaɗai na rantse ba zai yanke ba, shi ma sai da na fara karɓa bashi a kemis. Ita Inna ba ta san komai ba, kullum da dare tana kunna rediyo tana jira. Da ta gaji ta ce, “Kai, kwana biyu ban ji ka ba, ko muryar ce?” Na ce an sauya mini aiki ne. Ta dube ni ta ce, “To, Allah Ya sa haka ya fi alheri.” Na san ta gane.

Talauci na iya jurewa, a cikinsa na tashi. Abin da ya kusa karya ni shi ne wayar da ba ta daina ƙara ba. Mutanen ƙauye ba su san an yi garambawul ba. Cikin dare a kira a ce an shigo, an kashe mutum kaza, Malam a taimaka a faɗa. Ni kuwa ina kwance ba ni da inda zan kai. Da farko ina tura wa abokan aiki na wasu tashoshi, wani a sa, wani a ce babu wuri. Daga baya na fara kashe wayar da daddare, sai kuma barci ya ƙi zuwa saboda na san tana can tana neman shiga. Na rame, na daina zuwa majalisa, na koma sallah a masallacin wata unguwa don kada a tambaye ni. Ranar da jiri ya kwashe ni a bakin rijiya aka kai ni asibiti, likita ya ce hawan jini ne, ya kuma tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Na buɗe baki zan ce babu, sai hawaye.

Ga kuma waɗanda rahotannina suka taɓa ɓata wa rai. Da ina da inuwar babbar tasha, ko an ji haushi sai a yi murmushi. Yanzu inuwar ta gushe. Wani da ya saba kirana “ranka ya daɗe” ya wuce ni a wurin ɗaurin aure kamar bai taɓa ganina ba.

A cikin wannan hali wani ɗan siyasa ya aiko a kira ni. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce ya san abin da ya faru, kuma muryata dukiya ce, mutane sun yarda da ita. Yana so in riƙa shirya masa shiri a rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp, da irin salon da aka san ni da shi, in nuna tsaro ya samu. Kuɗin da ya ambata zai biya bashin kemis ya kai ginin rufi. Na ce a ba ni lokaci. Na yi kwanaki ina juya abin, kuma ba zan ce ban so ba, na so ƙwarai. Har lissafin kwanon rufi na yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san waɗanda za su ji muryar, su ne masu kirana cikin dare, kuma idan na ce hanya ta yi lafiya wani zai ɗauki iyalinsa ya bi ta. Na koma na ce masa, “Ranka ya daɗe, na gode, amma ba zan iya ba.” Ya yi dariya ya ce yunwa za ta dawo da ni. Ta matsa mini sosai bayan nan, sai dai ban koma ba.

Sauƙi ya zo a hankali. Wani abokin karatuna ya ba ni aron gona na yi masara da waken suya. Wata tashar FM mai zaman kanta ta ba ni rabin sa'a sau biyu a mako, ba albashi, in nemo talla mu raba. Ina kuma koyar da rubutun labarai a wata kwaleji a matsayin malamin wucin gadi.

Ina wannan rayuwa ne aka shiga Maris na 2025. Ranar 14 ga wata Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin rage hukumar USAGM, uwar Muryar Amurka, zuwa iyakar abin da doka ta tilasta. Washegari aka tura ma'aikata kusan 1,300 hutun dole, aka kuma tsayar da tallafin Radio Free Europe da Radio Free Asia, wasu tashoshin da Amurka ke ɗaukar nauyinsu. Gwamnatinsa ta ce gidan ya cika son kai da ɓarnar kuɗi, wata 'yar siyasa mai suna Kari Lake ce aka ɗora a kan aikin. Tashar da ke magana da harsuna kusan 50 ta yi shiru a karon farko cikin shekara 83. A watan Afrilu alƙali Royce Lamberth ya ba da umarnin a maido da aiki, aka shiga ɗaukaka ƙara da ja-in-ja. Wani dattijo a kasuwarmu ya tare ni ya ce, “Ɗana, na kunna Amurka na ji kiɗa kawai. Ko soja sun yi juyin mulki a can ne?” Na ce, “A'a Baba, masu gidan ne suka rufe abinsu.”

Ban yi murna ba, ban kuma yi mamaki ba. Tun 1999 da aka rushe hukumar USIA, wadda a da take riƙe da Muryar Amurka, Amurkawa ke ta sauya wa wannan aiki fasali, a 2016 aka tattara iko a hannun shugaba guda, a 2018 aka sauya wa hukumar da ta gaji aikin suna zuwa USAGM. Kowane gyara ana cewa don a ƙara inganci ne, kuma ko sau ɗaya ban ji an tambayi mai sauraro na Gusau ko na Damagaram ba. Ba dole ba ne a tambaye shi, ba ya zaɓe a can. Daga wannan gefen ma ƙofa rufewa take yi: Nijar ta dakatar da rediyon Faransa RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Masu shigowa da ƙarfinsu yanzu, irin su Sin da Turkiyya, su ma gwamnatoci ne ke biya, kowa da abin da yake nema. Mu kuma muna da Muryar Najeriya tun farkon shekarun 1960, tana da sashen Hausa, muna da Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 wanda a da ake ji har ƙasashen maƙwabta. Ban san manomin da zai ce ya jira ɗayansu don ya tabbatar da adadin waɗanda aka kashe a ƙauyensu ba. Matsalar ba ta ma'aikata ba ce, akwai gwanaye a ciki. Katangar nan ce ba mu gina ba.

A makonnin nan wayata ta sake cika, wannan karon da wakilan da abin ya rutsa da su. Wani ƙanena a aiki, mai 'ya'ya huɗu, ya kira yana magana muryarsa na rawa. Ya ce, “Yaya, kai da ka riga mu, yaya ka yi?” Na ce ya faɗa wa matarsa a daren nan, kada ya ɓoye. Ya je a auna jininsa ko da yana jin lafiya. Ya sayar da abin da zai sayar tun yana da daraja, kafin a gane yana cikin matsi. Ya kuma shirya, domin cikin wata guda wani mai babbar riga zai aiko a kira shi.

Inna ta rasu bara, maganinta bai yanke ba har ƙarshe. Bashin kemis na biya rabi. Shirin nawa na FM yana tafiya, ko da yake watan jiya wani dillalin taki da ke ba mu talla ya janye saboda na sa muryar manoman da suka ce an sayar musu da gauraye. Manajan tashar ya kira ni ofis ya ce in riƙa sassautawa, shi ma albashin mutane yake nema. Mun rabu a kan zan ci gaba da shirin har ƙarshen damina, in na samo wani mai tallan kafin nan a sabunta, in ban samo ba a ba wa masu wa'azin maganin gargajiya lokacin.